Tarihin Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Binciki Gani

Da yawa daga cikinmu, sa'ad da mu ke yara, mun ɗauka ido kamar fitila ne, shi ke jefa haske bisa abu, sa'an nan a gan shi. Ba mu kaɗai ba ne. Manyan malaman Yunanawa, irin su Uƙlidis da Batlimus, haka suka koyar, aka yi ta binsu shekaru aru-aru. Wanda ya rushe wannan magana da hujja shi ne Alhasan Ibnul Haisam.

An haife shi a Basra, ƙasar Iraƙi, wajen shekara ta 965. Masu tarihi sun ruwaito ya yi da'awar zai iya tsare ambaliyar kogin Nilu, har Alhakim, Sarkin Masar, ya aika aka zo da shi. Da ya bi kogin ya kai wajen Aswan, sai ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. To, Alhakim kuwa sarki ne mai saurin sare kai. Malam ya ga ba mafita, ya ari hauka, aka tsare shi a gida. Haukan nan bai warke ba sai da sarkin ya ɓace cikin 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana juyar littattafan lissafi yana sayarwa, ya sami na tuwo.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manaziri, juzu'i 7. Hujjarsa ta fari kowa na iya gane ta. Wanda ya dubi rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya ƙura wa abu mai haske ido, in ya juya wajen duhu zai tarar alamar abin ba ta gushe ba. Ashe wani abu ne ke shiga ido daga waje. Bai tsaya nan ba, ya jera fitilu gaban wata 'yar kafa, bayanta duhu. Kowace fitila ta jefa nata ɗigon haske a bango, in an rufe guda, nata kaɗai ke ɓacewa. Watau haske miƙe ya ke tafiya.

Amma abin da ya fi ƙayatad da mu shi ne wannan. Ya nuna ido haske da launi kurum ya ke karɓa, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Sanin nisan abu, da girmansa, da shaida fuskar aboki cikin taron kasuwa, duk hukunci ne na hankali, yana gwada abin da aka gani yanzu da wanda aka saba gani. Don tsananin saurinsa ne ba mu san muna yinsa ba.

Ya yi kuskure wuri guda, gama ya zaci ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke cikin ido ita ke jin haske. Sai cikin 1604 wani Bajamushe, Kepler, ya bayyana cewa tara hasken kawai ta ke yi, sifar abu kuwa can bisa tantanin bayan ido ta ke sauka, a kife.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An juya littafin nasa cikin Latin, aka buga shi a birnin Basel cikin 1572.