Alexander Melville Bell: Malamin Da Ya Zana Motsin Harshe

An haifi Alexander Melville Bell a birnin Edinbura na ƙasar Sukotland a shekarar 1819. Mahaifinsa malamin koyar da iya magana ne, mai gyaran i'ina, kuma wannan sana'a Melville ya gada. Ya koyar a Edinbura daga 1843 zuwa 1865, sa'an nan ya koma Landan.

Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne, malami yana iya nuna wa almajiri motsin leɓɓa, amma harshe a ɓoye yake cikin baki. Saboda haka ya ƙago haruffa waɗanda siffar kowannensu take nuna sashen harshen da ya ɗaga, da yadda leɓɓa suke, da kuma ko murya tana fita. Ya bayyana su a littafinsa Visible Speech a 1867, wato magana wadda ido ke gani.

Don ya gamsar da jama'a, yakan fitar da 'ya'yansa daga zaure, wani ya furta sautin da ya ga dama, shi kuwa ya rubuta. Da yaran sun dawo, sai su duba rubutun su maimaita sautin da ba su ji ba.

Ana cikin haka tarin fuka ya kashe masa 'ya'ya biyu, ɗaya a 1867, ɗaya a 1870. Gudun kada ya rasa na ukun, Alexander Graham Bell, sai ya kwashe iyalinsa zuwa Kanada. A 1871 wata makarantar kurame ta birnin Boston a Amurka ta nemi ya koyar da haruffan, ya tura wannan ɗan nasa, wanda daga baya ya shahara da ƙago wayar tarho a 1876.

Haruffan sun yi wa malamai wuyar sha'ani, a hankali aka daina amfani da su. Melville ya rasu a Washinton ran 7 ga Agusta, 1905.

Amma manufarsa ba ta bi shi kabari ba. A yau masu gyaran magana suna ɗora irin na'urar da ake duba cikin mai juna biyu da ita a ƙarƙashin haɓar yaro, ya ga harshensa yana motsi a allon kwamfuta, ya gyara furucinsa. Jami'ar Queen Margaret, da ke dab da garin haihuwarsa, tana cikin wuraren da suka yi fice a wannan bincike.