John Caffey, likitan da ya koya wa duniya karanta hoton ƙashin yara

A shekarar 1895 abubuwa biyu suka faru waɗanda babu wanda ya ga dangantakarsu a lokacin. A ranar 30 ga Maris aka haifi John Caffey a Castle Gate, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a jihar Utah ta Amurka. A ranar 8 ga Nuwamba kuma, a birnin Würzburg na Jamus, masanin kimiyya Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan da ke ratsa tsoka ya fito da surar ƙashi, wanda a yau ake kira eksire. Yaron da hasken suka girma tare, kuma kafin ya bar duniya a 1978 likitoci sun riga sun amince cewa shi ne uban fannin duba cututtukan yara ta hanyar hoto.

Caffey ya kammala karatun likita a Jami'ar Michigan a 1919, Yaƙin Duniya na Farko bai daɗe da ƙarewa ba. Bai zauna gida ba. Ya bi ƙungiyoyin agaji na Amurka zuwa gabashin Turai, ya yi aiki a Sabiya da Polan da Rasha, a shekarun da yunwa da annoba ke cin mutane, musamman ƙananan yara. Da ya koma ƙasarsa ya zaɓi fannin yara, ya kama aiki a Babies Hospital, asibitin jarirai na birnin New York mai alaƙa da Jami'ar Columbia.

Shigarsa fannin hoto ba da shiri ba ne. Abokan aikinsa sun riƙa ba da labarin cewa ya fito daga wani zaman nazarin hotuna yana guna-gunin an ɓata musu lokaci, domin mai bayanin bai san jikin yara ba. Shugaban sashen ya ji shi, ya ɗora masa aikin. Daga wajajen 1929 ɗakin hoton asibitin ya koma hannunsa, alhali bai taɓa yin horo na musamman a fannin ba. Abin da ya shigo da shi shi ne idon likitan yara, kuma a nan bambancin yake.

A wancan zamani masu karanta hoto da jikin manya suka saba, sai su auna hoton yaro da wannan ma'auni. Amma jikin yaro ba na babba ba ne da aka rage masa tsawo. Ƙarshen ƙasusuwan jariri guringuntsi ne, kuma guringuntsi ba ya fitowa a eksire. Tsakanin jikin ƙashi da kansa akwai wani siririn layi inda ƙashin ke ƙara tsawo, wanda a hoto yake kama da tsagewa ga wanda bai sani ba. A gwiwar hannu kaɗai akwai wurare shida da ƙashi ke fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, daga shekarar farko har zuwa gab da balaga. Wanda bai san jerinsu ba zai iya ɗaukar lafiyayyen ƙashi a matsayin ɓallewa, ko kuma ya kalli ɓallewa ta gaske ya wuce ta. Caffey ya ɗauki shekaru yana tara hotunan yara masu lafiya yana kwatanta su, domin a ganinsa ba a sanin cuta sai an san iyakar lafiya. Wannan aiki ne mai gajiyarwa da ba ya kawo suna da wuri, amma a kansa duk abin da ya biyo baya ya tsaya.

Babu inda amfaninsa ya fito fili kamar batun taimus, wani ƙullin nama da ke bayan ƙashin ƙirji, wanda ke horar da ƙwayoyin garkuwar jiki. Tun ƙarni na sha tara likitocin Turai suka yi imani cewa idan taimus ya yi girma yakan danne hanyar numfashi ya kashe jariri farat ɗaya. Tushen kuskuren abin tausayi ne. Gawarwakin yaran da masana ke feɗewa yawanci na 'ya'yan talakawa ne da suka mutu bayan doguwar jinya ko yunwa, kuma taimus yana motsewa ne idan yaro ya rame. Sai aka ɗauki motsattsen a matsayin daidai. Da aka buɗe gawar jaririn da ya mutu ba zato da ƙibarsa, aka ga taimus cikakke, sai aka ce ga mai laifin nan. Zuwan eksire ya ƙara dagula lamarin, domin inuwar taimus takan yi faɗi a hoton ƙirjin jariri, ballantana idan an ɗauka yana kuka ko yana fitar da numfashi. Daga 1907 aka fara haska wa jarirai eksire mai ƙarfi a ƙirji don a motsar da shi, kuma dubban yara masu ƙoshin lafiya aka yi wa haka a Amurka, wasu ma kafin a cire musu 'yan wuya, wai don kariya.

Caffey ya duba tarin hotunansa ya ga cewa babban taimus alamar lafiya ce, kuma faɗin inuwarsa yana sauyawa tsakanin shaƙar numfashi da fitar da shi. Ya rubuta haka ƙarara a littafinsa, Pediatric X-Ray Diagnosis, wanda ya fito a 1945. Al'adar ba ta mutu nan take ba, domin likitoci ba su cika sakin abin da malamansu suka koya musu da sauƙi ba. A 1950 masu bincike a New York suka lura cewa da yawa daga cikin yaran da ke zuwa da ciwon daji na ƙullin maƙogwaro an taɓa haska musu ƙirji suna jarirai, kuma bin diddigin da aka yi a Rochester bayan haka ya tabbatar da alaƙar. A 1956 Dakta Alice Stewart ta Oxford ta nuna cewa ko eksiren da ake yi wa mai juna biyu yana ƙara haɗarin ciwon daji ga abin da ke cikinta. Daga irin waɗannan darussa masu ɗaci aka gina ƙa'idar da ake koya wa kowane mai ɗaukar hoto a yau: kada a haska yaro sai da dalili, kuma idan za a haska, a yi da mafi ƙarancin hasken da zai ba da amsa.

Likitan da ke duba yara masu tamowa a Maiduguri ya san ɗaya gefen wannan labari. A cibiyoyin da ke karɓar yaran da rikicin arewa maso gabas ya raba da gonakin iyayensu, taimus ɗin da ya ɓace daga hoton ƙirji shi ne abin damuwa, domin yana tafiya ne tare da raunin garkuwar jiki. Irin wannan yaro yana iya ɗauke da namoniya ko tarin fuka ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, kuma ƙaramin yaro ba ya iya fitar da majinar da za a gwada. Shi ya sa hoton ƙirji ke da nauyi wajen yanke shawarar ko za a ɗora shi a kan maganin tarin fuka na watanni. Idan yaron ya motsa, ko ya karkace, ko aka ɗauka yana fitar da numfashi, zuciya takan yi kamar ta kumbura, huhu ya yi kamar ya cika, a ba da magani a kan inuwa. Don haka gwanintar mai ɗaukar hoto ta haɗa da rarrashi: ya bar uwa kusa da ɗanta da rigar kariya a jikinta bayan ya tabbatar ba ta da juna biyu, ya taƙaita hasken ga wurin da ake nema kaɗai, ya rage daƙiƙar ɗauka, ya jira lokacin da yaron ya ja numfashi tsakanin kuka da kuka. Hoto ɗaya mai kyau ya fi uku da aka maimaita. Waɗannan su ne abubuwan da ake koyarwa a sashen horar da masu ɗaukar hoto na Jami'ar Maiduguri, ana gwada su a Asibitin Koyarwa na jami'ar, wanda ke karɓar marasa lafiya daga Borno da Yobe har da maƙwabtan Chadi da Kamaru da Nijar. Ambaliyar watan Satumban 2024, da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau, ta shiga asibitin ta lalata na'urori masu tsada, kuma ta tuna wa mutanen yankin yawan ran da ke rataye a kan waɗannan ɗakuna.

Wani aikin Caffey na farko-farko ya taɓa Arewa ta wata ƙofar. A 1931 ya wallafa nazari kan yadda gubar dalma ke barin farin layi mai kauri a ƙarshen ƙasusuwan yara masu girma, musamman a gwiwa da wuyan hannu. A New York ta lokacinsa yara suna samun gubar ne daga fentin bango da na gadajensu. A Zamfara, a 2010, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka mutu. Gwajin jini ne ke tabbatar da gubar, amma layin da ke ƙashi shaida ce cewa yaron ya daɗe yana shan ta. Haka nan ya yi rubutu mai yawa kan yadda tunjere da ƙarancin bitamin, da ma yawansa fiye da kima, ke sauya surar ƙashi mai girma. Akwai kuma wata cutar jarirai da shi da William Silverman suka bayyana a 1945, mai kawo kumburin muƙamuƙi da ƙasusuwan hannu tare da zazzaɓi da yawan kuka a watannin farko, wadda yawanci kan lafa da kanta. Har yau da sunan Caffey ake kiran ta.

Amma abin da ya fi ɗaga sunansa, ya kuma fi tayar da ƙura, takarda ce da ya fitar a 1946. Ya kawo labarin jarirai shida da jini ya taru musu a ƙarƙashin ƙoƙon kai, waɗanda kuma hoto ya nuna karaya 23 a hannayensu da ƙafafunsu. Babu ko ɗaya da iyayensa suka kawo labarin faɗuwa ko haɗarin da zai iya yin wannan ɓarna. Ya bincika ko wata cutar ƙashi ce, bai samu ba. Ƙashin yaro yana da kalandarsa: bayan mako ɗaya zuwa biyu da karaya sabon ƙashi yakan fara taruwa a wurin, sannan ya yi ta sajewa a hankali. Idan hoto ɗaya ya nuna sabuwar karaya, da wata mai wata guda, da wata da ta kusa ɓacewa, to ba rana ɗaya aka ji wa yaron ciwo ba. Ya kuma lura da ƙananan ɓallewa a gefen ƙarshen ƙashi, irin waɗanda ke faruwa idan an fizgi hannu ko ƙafa da ƙarfi ko an murɗa.

Caffey ya ce rauni ne ya jawo su, amma ya yi taka-tsantsan wajen nuna wanda ya yi raunin. Wasu sun zarge shi da tsoro a kan haka. Adalci shi ne a tuna cewa a 1946 kusan babu likitan da zai yarda cewa uwa ko uba mai kamala a fuska zai iya karya jaririnsa. Wani likitan Faransa, Ambroise Tardieu, ya rubuta irin wannan tun 1860 aka yi biris da shi. Almajirin Caffey, Frederic Silverman, ya ɗauki zancen ya ƙara fito da shi a 1953, kuma a 1962 shi da Henry Kempe na Denver da abokansu suka fitar da takardar da ta girgiza Amurka. Kafin shekarun 1960 su ƙare, jihohin ƙasar duka sun yi dokar da ta wajabta wa likita kai rahoto idan ya yi zargin ana azabtar da yaro.

Shi kuwa ya yi ritaya daga Columbia a 1960, amma zaman gida bai karɓe shi ba. Ya koma asibitin yara na Pittsburgh ya ci gaba da karanta hotuna da koyarwa. A can, yana da shekara 77, ya rubuta takardarsa ta 1972 kan jijjiga jarirai, shekara guda bayan likitan ƙwaƙwalwa na Ingila Norman Guthkelch ya kawo irin wannan ra'ayi. Bayaninsa mai sauƙin fahimta ne. Kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka idan babba ya riƙe shi a ƙirji ya jijjiga shi cikin fushi, kan yakan yi gaba da baya da ƙarfin da zai tsinka ƙananan jijiyoyin jini a kan ƙwaƙwalwa da bayan ido, alhali babu ko ƙwarzane a fata. Ya nuna cewa da yawa daga masu yin haka ba su da niyyar kisa, kuka ne ya ishe su, kuma suna ganin jijjiga ta fi duka sauƙi. Ya nemi a wayar da kan iyaye da masu reno. Har yanzu ana muhawara a kotunan Amurka da Birtaniya kan ko waɗannan alamu kaɗai sun isa a ɗaure mutum, kuma an soke wasu hukunce-hukunce a kan haka. Kan haɗarin jijjigar kanta kuwa likitocin yara ba su rabu ba.

Caffey yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin hoton yara ta Amurka a 1958, kuma a 1965 aka ba shi lambar Howland, mafi girman karramawar ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, duk da cewa rabin rayuwarsa a ɗakin duhu ya yi ta, gaban allon duba fim. Ya mutu a Pittsburgh ranar 2 ga Satumba, 1978, yana da shekara 83. Littafinsa na 1945 an sabunta shi fiye da sau goma, an ƙara masa babi-babi kan sikanin da sauran na'urorin da bai taɓa aiki da su ba, kuma sunansa ne har yanzu a bangon.