Janar Howard, Soja Mai Hannu Ɗaya

Wannan mako za mu duba rayuwar Janar Oliver Otis Howard na ƙasar Amurka. An haife shi a jihar Maine a 1830. Yana ƙaramin hafsa a Florida ya karɓi Ubangiji a 1857, har ya yi tunanin tuɓe kaki ya zama fasto. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, ya tsaya a gefen Arewa.

A yaƙin Fair Oaks, 1862, harsashi biyu suka same shi a hannun dama, aka yanke hannun. Watan Satumba ga shi a fagen fama a Antietam. Ba ya shan giya, ba ya ashar, yana raba wa sojoji takardun bishara, da yawansu kuwa ba su so haka ba. Kada mu ɓoye kuskurensa: a Chancellorsville, 1863, an gargaɗe shi amma bai shirya ba. Janar Jackson na Kudu, wanda dikon ne a ikilisiyarsa, ya auka wa rundunarsa ta gefe, ta watse.

Da yaƙi ya ƙare a 1865 aka danƙa masa hukumar kula da bayin da aka 'yanta. Ya buɗe makarantu, Jami'ar Howard ta Washington ma sunansa ta ci. Amma Shugaba Andrew Johnson ya umarta a mayar wa tsofaffin iyayengiji gonakin da aka ba 'yantattun. Howard bai so ba, duk da haka shi ya je tsibirin Edisto ya sanar da su a cikin majami'a.

Ya rasu a Vermont a 1909.