Arthur Charlesby (1915–1996): Masanin da Ya Mayar da Ɓarnar Radiyeshan Abin Amfani

Gabatarwa

A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana na kallon radiyeshan, wato hasken nan mai ƙarfi da ke fita daga tukunyar nukiliya yana ratsa abubuwa, a matsayin maɓarnaci kawai. Abin da ya dame su shi ne gano kayan da za su jure masa. Arthur Charlesby na cikin mutanen farko da suka nuna cewa hasken da ke lalata wata roba shi ne ke ƙarfafa wata, kuma ana iya auna bambancin da lissafi. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarsa da abin da aikinsa ya haifar.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Charlesby a Landan a 1915. Ya yi karatun kimiyyar fiziya a Imperial College, inda ya yi bincike a ƙarƙashin G. I. Finch kan yadda ake gano tsarin ƙwayoyin sinadari ta hanyar harba musu ilektiron. Da yaƙi ya ɓarke, ya yi aiki da rundunar sojan sama ta Birtaniya. A daidai wannan zamani wata sabuwar roba mai suna politin, wadda kamfanin ICI ya gano a 1933, ta zama abin dogaro wajen lulluɓe wayoyin na'urar rada. Ita ce dai robar da ake yin leda da ita a yau. Rauninta ɗaya ne: da zafi ya ɗan zarce na tafasasshen ruwa, sai ta narke.

Harwell da Binciken 1952

Bayan yaƙi Charlesby ya kama aiki a cibiyar binciken makamashin nukiliya ta Harwell, domin nazarin illar radiyeshan ga kayan aiki. Can ne ya riƙa sanya sandunan politin cikin tukunyar nukiliya mai suna BEPO. Abin da ya fito ya saɓa wa zato. Robar ta daina narkewa a wuta, sai dai ta yi taushi kamar danƙo, kuma sinadaran da a da suke narkar da ita suka gaza, sai dai su kumbura ta.

Bayanin da ya bayar a maƙalarsa ta 1952, wadda mujallar Royal Society ta buga, mai sauƙin fahimta ne. Polima, wato dangin su roba, dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon da haidurojin, kwance kusa da juna kamar zaren da ba a saƙa ba. Idan radiyeshan ya fizge ƙwayar haidurojin daga sarƙa, sai ya bar gurbi mai neman abokin haɗi. Gurbi biyu na sarƙoƙi maƙwabta kan haɗu su ƙulle, haidurojin kuwa ya fice a matsayin iska. Idan ƙulle-ƙullen suka yawaita, zaren ya zama taru guda, wanda zafi ba ya iya warwarewa.

Adalcin tarihi ya wajabta a ambaci cewa Malcolm Dole na Jami'ar Northwestern a Amurka ya lura da irin wannan sauyi tun a ƙarshen shekarun 1940. Fifikon Charlesby shi ne ya bi lamarin dalla-dalla, ya gwada polima iri-iri, sannan ya kafa masa ƙa'ida.

Ƙulli da Tsinkewa

Gwaje-gwajen sun nuna cewa polima sun kasu gida biyu. Politin da polisitirin da danƙon bishiya sukan ƙulle su ƙara ƙarfi. Wasu kuwa, irin su robar nan mai kama da gilashi da ake kira Perspex, da kuma Teflon, sarƙoƙinsu tsinkewa suke yi har su rududduge. Hasali ma abubuwan biyu tare suke faruwa a cikin kowace roba, wanda ya rinjaya shi ke yanke hukunci.

A 1959, shi da S. H. Pinner suka fitar da ƙa'idar lissafi da har yau take ɗauke da sunayensu. Da ita, mai bincike zai auna kason robar da har yanzu ke narkewa cikin sinadari bayan an ba ta radiyeshan gwargwado daban-daban, daga nan ya gano yawan tsinkewa idan aka kwatanta da yawan ƙulli. Wannan ne ya fitar da fannin daga lalube zuwa sana'ar da injiniya zai tsara tun kafin ya kunna na'ura.

Charlesby ya kuma bayyana wata ɗabi'a ta ƙullalliyar politin. Idan aka ɗumama ta aka buɗa, sannan aka bar ta ta huce a haka, takan zauna a sabuwar siffar. Da ta sake jin zafi sai ta koma yadda take tun asali. A kan wannan ɗabi'a aka gina bututun robar da masu aikin lantarki ke zura wa mahaɗar waya su gasa shi ya matse. Kamfanin Raychem, wanda Paul Cook ya kafa a Amurka a 1957, ya yi suna da irin waɗannan kaya.

Koyarwa da Rubuce-rubuce

A 1955 ya koma ɗakin binciken kamfanin Tube Investments da ke Hinxton Hall kusa da Cambridge, a 1957 kuma ya zama Farfesan fiziya a kwalejin kimiyya ta soja da ke Shrivenham. Littafinsa Atomic Radiation and Polymers, wanda ya fito a 1960, ya daɗe yana zama madogarar ɗalibai da masu bincike. Shi ne kuma ya assasa mujallar da a yau ake kira Radiation Physics and Chemistry a 1969. Ya rasu a 1996.

Gadon da Ya Bari: Auren Polima

Gurbin da radiyeshan ke buɗewa a jikin sarƙa yana iya karɓar baƙon sinadari, kamar yadda mai lambu ke yi wa mangwaro aure, ya ɗaura reshen wani a jikin wani. Adolphe Chapiro na Faransa ya yi fice wajen bunƙasa wannan dabara. Masu bincike na amfani da ita wajen ƙera wani nau'in tantanin da ake sanyawa a tsakiyar batirin haidurojin. Akan haska siririn fallen roba mai sinadarin fulorin, kamar ETFE, a tsoma shi cikin sitirin domin rassa su tsiro a jikinsa, sannan a maƙala wa rassan sinadarin asid na salfa. Idan tantanin ya jiƙe, rassan kan ba ƙwayoyin furoton hanya su ƙetare, fallen kuwa ya hana iskar haidurojin da ta oksijin gauraya. Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizaland ta shafe shekaru tana wannan bincike, da burin samar da madadin tantanin Nafion mai tsada.

Kammalawa

Matsalar da masu wannan aiki ke fama da ita ita ce wadda Charlesby ya fara tsarawa. Idan radiyeshan ya yi kaɗan, rassan ba za su wadata ba. Idan ya yi yawa, sarƙoƙin fallen su tsinke, tantanin ya yage a bakin aiki. Duk mai neman matsakaicin gwargwado tsakanin waɗannan biyu, da ma'aunin ƙulli da tsinkewa da Charlesby ya bari yake aiki.