Baba ta Karo: Matar da ta ga ƙarshen bauta da idonta

Idan ana zancen bauta a ƙasar Hausa, yawanci sarakuna da Turawa ake ji. Amma ɗaya daga cikin shaidu mafi ƙarfi ta fito ne daga bakin wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe sarauta ba, wato Baba ta Karo.

An haife ta wajen shekarar 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, garin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Rogo, kudu da Gwarzo da Ƙaraye. Danginta Barebari ne, mahaifinta kuma, Tsoho, manomi ne kuma malamin allo.

Baba ba baiwa ba ce. Gidansu ne ma ke da bayi, a rinji ta tashi. Ta bayyana yadda bayi ke shiga gandun ubangijinsu da hantsi, su tashi da azahar, sannan kowa ya nufi 'yar gonarsa. 'Ya'yansu da na iyayen gida tare suke wasa, suna kiran juna da sunan 'yan'uwantaka, amma kowa ya san matsayinsa.

Sai dai mallakar bayi ba ta hana mutum zama bawa. Yankin Zarewa bakin iyakar Kano da Zazzau da Katsina ne, mahara kuma ba sa rabuwa da shi. Baba ta ba da labarin yadda ake guduwa cikin ganuwa idan an ji duriyar mayaƙan Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kontagora, wanda ya yi suna wajen kamun bayi da ƙin rabuwa da sana'ar. An sace wasu 'yan'uwanta, sai da dangi suka tara kuɗin wuri aka fanso su.

Tana cikin shekarunta na ashirin al'amura suka juya. A 1901 Lugga ya yi shelar hana kamun bayi da cinikinsu, tare da cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne. Turawa suka ci Kano a 1903. Amma ba su 'yanta bayin da ke hannu ba, gudun ɓata wa sarakuna rai da durƙushewar noma. Sai a 1936 doka ta soke bautar baki ɗaya.

Bayi da yawa ba su jira wannan doka ba. Wasu sun fanshi kansu, wasu sun kama hanya kawai. Baba ta ga haka a gidansu: wasu bayi sun gudu, gandu ya rage hannu. Duk da asarar, ba ta ɓoye cewa ta ji daɗin ƙarewar hare-hare ba.

Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. A Giwa ta ƙasar Zazzau ta haɗu da Mary Smith, matar wani mai binciken al'adu, wadda ta rubuta labarinta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a 1954, bayan shekara uku da rasuwarta.

Har yau masana tarihi na komawa gare shi. A yammacin Kano kuwa, sunayen ƙauyuka masu ɗauke da kalmar rinji na nan suna tuna wa mutane zamanin da ta bayyana.