Dakta Jeanette Troup: Likitar Jos da ta rasa ranta wajen gano zazzabin Lassa

A duk lokacin rani, idan hukumomin lafiya suka fitar da gargaɗi kan zazzabin Lassa, kaɗan ne ke tuna cewa a birnin Jos aka fara bayyana kamannin cutar a kimiyyance, kuma likitar da ta yi wannan aiki cutar ce ta yi ajalinta.

An haifi Jeanette Troup a birnin Akron na jihar Ohio ta Amurka a 1923. Bayan ta kammala karatun likita, ta zo Najeriya a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ta yi shekaru tana aiki a asibitin Evangel, wanda mutanen Jos suka fi sani da Jankwano, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham a yau.

A watan Janairun 1969 aka kawo mata wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta jirgin sama daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Tana fama da zazzabi mai zafi da gyambo a maƙogwaro, kuma maganin zazzabin sauro bai yi mata amfani ba. Ba ta daɗe ba ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu. Lily Pinneo, wadda ta taimaka wa Dakta Troup wajen binciken gawar Shaw, ta zama ta uku, aka garzaya da ita New York, ta rayu bayan doguwar jinya.

Babbar matsalar likitar ita ce rashin alamar da za ta bambanta cutar da sauran. A kwanakin farko tana kama da zazzabin sauro ko taifot ko mura mai tsanani, kuma babu gwajin da zai nuna ta. Saboda haka ta dogara da lura da rubutu: ta tattara bayanan marasa lafiya, ta ɗebi jini da sassan jiki, ta aika Amurka. A Jami'ar Yale ne Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs suka ware sabuwar ƙwayar bairas, aka raɗa mata sunan garin Lassa. Casals kansa ya kamu, aka yi masa magani da ruwan jinin Pinneo, ya warke.

A farkon 1970, daidai lokacin da yaƙin basasa ke ƙarewa, cutar ta sake ɓulla a Jankwano. Wata mata da ciwon ya kama mata huhu, tana tari sosai, ta kwanta a ɗakin marasa lafiya, daga nan cutar ta bazu ga majinyata da ma'aikata da masu zuwa dubiya. Mutum 28 suka kamu, 13 suka rasu, kuma masu binciken da suka biyo baya sun yi zargin iska ce ta ɗauki ƙwayar cutar a cikin ɗakin.

Dakta Troup ta san haɗarin da ke tattare da binciken gawa, domin ta ga abin da ya sami Pinneo. Duk da haka ta ga babu hanyar tabbatar da abin da ke kashe majinyatanta sai wannan. A ƙarshen Janairu, tana tsakiyar aikin, wuƙar tiyata ta yanke ta a yatsa. Zazzabi ya kwantar da ita bayan kwanaki, ta rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1970, tana da shekara 46. Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta domin ceto ta, amma ta iso bayan rai ya yi halinsa.

A shekarar da ta rasu aka buga rahotannin farko kan cutar ɗauke da sunanta. A 1972 kuma aka gano a Saliyo cewa wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar. Yanzu ana gano Lassa ta gwajin PCR, wanda ke neman RNA na bairas ɗin a jini, a cibiyoyi irin su Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a jihar Edo. Masana kuma na nazarin wasu gutsattsarin RNA na jikin mutum, waɗanda ba sa ƙera furotin amma yawansu na sauyawa idan bairas ya shiga jiki, da fatan su zama alamar gano cututtukan numfashi da makamantansu tun da wuri.

Wannan alama ita ce abin da Dakta Troup ta rasa a ɗakin marasa lafiya na Jankwano. Har yau likitoci da ma'aikatan jinya na cikin waɗanda Lassa ke kashewa a Najeriya, sau da yawa domin ba a gane cutar ba sai bayan sun taɓa majinyaci.