Johann Trollmann, ɗan damben da 'yan Nazi suka ƙwace wa kambu

A kudu maso gabashin birnin Hamburg na ƙasar Jamus akwai wani wuri mai suna Neuengamme, inda 'yan Nazi suka kafa sansanin gwale-gwale a 1938. Yau wurin ya zama gidan tarihi. Mai ziyara zai ga tsohuwar masana'antar bulo da aka tilasta wa fursunoni aiki a cikinta, da wani ɗaki da aka rataya dogayen ƙyallaye masu ɗauke da sunayen mamata. Kimanin mutane 100,000 aka tsare a sansanin da rassansa, kuma fiye da 42,000 ba su fita da rai ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne fursuna mai lamba 9841, Johann Trollmann, wanda ya taɓa zama zakaran damben boksin na Jamus na 'yan kwanaki kacal.

An haifi Trollmann ranar 27 ga Disamba 1907 a wani ƙauye kusa da Gifhorn, ya kuma tashi a birnin Hanover. Iyayensa 'yan ƙabilar Sinti ne, wato reshen al'ummar Roma, waɗanda Faransawa ke kira Tsiganes. Kakanninsu sun zauna a ƙasashen Jamusawa tun ƙarni na 15, amma duk da haka ana yi musu kallon baƙi. A gida ana kiransa Rukeli, daga kalmar da ke nufin bishiya a harshensu.

Tun yana yaro ya fara dambe, a 1929 kuma ya mai da shi sana'a. Salonsa ya sha bamban da na 'yan damben Jamus na lokacin. Ba ya tsayawa wuri ɗaya a yi ta musayar naushi. Sai ya riƙa zagaya abokin karawa da saurin ƙafa, yana kauce wa duka, ya kai nasa idan ya ga dama ta samu. 'Yan kallo sun so shi ƙwarai.

A Janairun 1933 Hitler ya hau mulki, nan da nan kuma aka fara korar Yahudawa daga wasanni. Zakaran ajin da ke ƙasa da na manyan masu nauyi a lokacin Bayahude ne, Erich Seelig. Aka karɓe kambunsa, ya tsere Faransa, daga baya ya wuce Amurka. Wannan kambu da aka raba Seelig da shi ne aka sa Trollmann da Adolf Witt su kara a kansa a Berlin ranar 9 ga Yuni 1933.

Trollmann ya fi ƙarfin Witt a fili. Amma shugaban hukumar damben, wanda ɗan jam'iyyar Nazi ne, ya sa alƙalai suka ƙi bayyana wanda ya yi nasara. 'Yan kallo suka tayar da ƙayar baya har sai da aka miƙa wa Trollmann kambun, ya fashe da kukan murna. Bayan kwanaki kaɗan hukumar ta ƙwace kambun, ta fake da cewa salonsa da halin da ya nuna a fage ba su dace da zakara ba.

Ranar 21 ga Yuli aka haɗa shi da Gustav Eder, aka kuma gargaɗe shi da ya daina zagaye-zagaye ya tsaya ya yi dambe irin na Jamusawa, ko ya rasa lasisinsa. Labarin da ya shahara shi ne cewa ya shigo fage ya rina gashinsa ya yi fari, ya kuma bulbule jikinsa da garin fulawa, don ya yi ba'a ga siffar Bajamushen da 'yan Nazi ke yabo. Ya tsaya cak yana shan duka har aka kai shi ƙasa a turmi na biyar. Daga nan tauraronsa ya dusashe, ya koma yin dambe a filayen bukukuwa don neman abin kai wa baka.

Ya auri Bajamushiya suka haifi 'ya mace. A 1938 ya sake ta, don kada dokokin wariyar jinsi su shafe ta da 'yarsu. A 1939 aka ɗauke shi aikin soja, ya yi yaƙi a fagen gabas inda aka ji masa rauni. A 1942 aka kori 'yan Sinti da Roma daga rundunar, a shekarar kuma aka kama shi aka kai shi Neuengamme.

Can ma sunansa bai bar shi ya huta ba. Dakarun SS masu gadin sansanin suka gane shi, suka riƙa tilasta masa karawa da su bayan ya wuni yana aikin ƙarfi da yunwa. Da ƙarfinsa ya ƙare, wasu fursunoni suka yi dabara aka rubuta cewa ya mutu a Fabrairun 1943, aka mai da shi reshen sansanin da ke Wittenberge da sunan wani. Nan ma aka gane shi. Aka sa shi dambe da wani fursuna da masu gadi suka ɗora a kan 'yan uwansa, Trollmann ya doke shi. Mutumin ya riƙe abin a rai, daga baya ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa a 1944. Shekarunsa 36. Ɗan uwansa Heinrich ya riga shi mutuwa a sansanin Auschwitz a 1943.

'Yan Nazi sun hallaka Yahudawa miliyan 6, da dubban ɗaruruwan 'yan Roma da Sinti, waɗanda wasu ƙididdiga ke kai adadinsu har 500,000. An daɗe ba a kula da abin da aka yi wa 'yan Roma ba. Sai a 1982 shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Helmut Schmidt, ya amince cewa kisan ƙare dangi ne, sai kuma a 2012 aka buɗe dandalin tunawa da su a Berlin, kusa da majalisar dokoki.

Shi ma Trollmann sai a 2003, bayan shekaru 70, hukumar damben ƙasar ta amince shi ne zakaran 1933, ta miƙa wa danginsa ɗamarar kambun. A Hanover yanzu akwai wata hanya mai ɗauke da sunansa.

Duk wanda Allah ya nufa ya je Neuengamme, ya tuna cewa zaluncin da ya cika wurin da gawarwaki ba a sansani ya faro ba. Tun shekaru biyar kafin a kafa shi aka raba Bayahude da ɗan Sinti da kambu guda saboda asalinsu. Jama'a sun yi bore dare ɗaya, daga nan abin ya wuce kamar ba a yi ba.